Zoben Tumbi: Tambayoyin da Hausawan Legas Suka Fi Yi Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Tun da labari ya bazu a Idi-Araba cewa tiyata ce ta rage mini jiki, ba ciwo ba, ba kuma bashi ba, wayata ba ta huta ba. Wani daga Agege, wata daga Obalende, wani ɗan kasuwar Mile 12 da aka sa wa zobe a Indiya ya dawo bai san inda zai dosa ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Ni ba likita ba ne, mai zobe ne a ciki shekara ta biyar ke nan. Inda maganata ta saɓa da ta likitanka, tasa za ka bi.

Wai shi zoben nan mene ne, kuma a ina ake sa shi?

Wata 'yar igiya ce ta roba mai laushi, wadda ake kira silikon, da ake ɗaurawa a wuyan tumbi, daf da inda maƙoshi ya haɗu da shi. Ba a yanke komai, ba a zubar da komai. A saman ɗaurin ana barin 'yar jaka da ba ta kai ƙwan kaza ba, sauran tumbin yana ƙasa yadda Allah ya halicce shi. A jikin zoben akwai balan-balan, daga ita wani siririn tiyo ya taho zuwa wani maɓalli da ake ɗinkewa a ƙarƙashin fatar ciki. In ka danna wurin za ka ji shi kamar murfin kwalba. Ta nan likita ke tsira allura ya ƙara ruwan gishiri zoben ya matse, ko ya zuƙe ruwan ya saki.

Mutane na zaton abinci zama yake yi a jakar har ta cika. Ba haka ba ne. Kowace loma maƙoshi ne ke matsa ta har ta ratsa ta cikin zoben, wannan matsin kuma shi ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa an ƙoshi. Wanda ya gane wannan ya gane rabin abin da ke shafin nan.

Ana yin aikin da kyamara ta 'yan ƙananan huji, yawanci cikin awa guda, a sallami mutum ranar ko washegari. A Beljiyam aka fara sa shi ta wannan hanya a 1993, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da samfurin Lap-Band a 2001. Kada a haɗa shi da ɗaya tiyatar da ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, wadda ita aka fi yi a yanzu. Wasu masu kirana sai mun yi nisa da magana nake gane ashe ba zobe ne a cikinsu ba.

Wace irin ƙiba ce ke kai mutum ga tiyata?

Da ma'aunin BMI ake dubawa. Ka raba nauyinka a kilo da tsawonka a mita, abin da ya fito ka sake raba shi da tsawon. Mai kilo 120 da tsawon mita 1.70 zai samu 41.5. Tsohuwar ƙa'idar 1991 ta ce sai mai 40 zuwa sama, ko mai 35 da ke fama da ciwon suga, hawan jini ko minsharin da ke ɗauke numfashi cikin barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai irin waɗancan cututtukan. Wanda teɓa ce kawai ta ɗan dame shi a cikin kaftani, wannan ba hanyarsa ba ce.

Kilo nawa zan rage, kuma a wata nawa?

Wannan ce tambayar da amsarta ke ɓata wa mutane rai. Zobe a hankali yake aiki: rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, wani makon ma ba komai. Abin da aka saba gani shi ne mutum ya zubar da kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na rarar nauyinsa a shekara biyu zuwa uku. A lura, rarar aka ce, ba duka nauyin ba. Mu koma ga mai kilo 120 ɗin nan. Nauyin da ya dace da tsawonsa bai wuce kilo 72 ba, rararsa 48 ke nan. In ya yi abin da ya kamata nauyinsa zai dawo wajen kilo 96 zuwa 101. Ba zai koma saurayin da ya sauka a Ikko da jakar leda ɗaya ba, amma gwiwa za ta daina kuka, suga da hawan jini sukan yi sauƙi, ya iya hawa gadar masu tafiya a ƙasa ta Oshodi ba tare da ya tsaya hutu sau biyu ba.

Kada ka gwada kanka da wanda aka yanke wa tumbi. Shi a wata shida na farko zubewa yake yi. Kuma sikeli sau ɗaya a mako ya isa, da safe, rana ɗaya tsayayya.

Me zan ci a makonni shida na farko?

Mako ɗaya zuwa biyu na farko ruwa-ruwa ne kawai: romon kaza ko na kifi da aka tace, madara marar maiƙo, nono tsinkakke, koko mai ruwa ba suga. Mako biyu na gaba abin da aka dama ya yi sumul: alala mai laushi, wake da aka tuƙe aka tace kamar gbegirin maƙwabtanmu Yarbawa, dankali dakakke, kifi da aka marmasa cikin miyar kuka. Daga nan abinci mai laushi, irin ƙwai, awara dafaffiya da kifi, har a kai ga abincin kowa wajen mako na shida. Kowane asibiti da ɗan bambancin jadawalinsa.

Dalilin wannan wahalar shi ne ɗinkin da ke riƙe da zoben bai gama kamawa ba. Loma mai tauri ko amai a wannan lokaci na iya gusar da shi tun ba a je ko'ina ba. Ciwon kafaɗa da wasu ke ji a kwanakin farko daga iskar da aka hura a ciki lokacin aiki ne, tafiya a tsakar gida ke korar ta.

Yau wata guda da aikin, yunwa nake ji kamar ba a yi komai ba. Ko aikin bai yi ba ne?

Ya yi, Alhaji. Zoben ne ba komai a cikinsa. Ana sa shi ne babu ruwa ko da ɗan kaɗan, rashin yunwar kwanakin farko kuma kumburin tiyata ne, da ya sace sai yunwa ta dawo da ƙarfinta. Kusan kowa ya ratsa ta wannan matakin, wasu har su ƙara kilo ɗaya ko biyu. Ƙarin ruwa na farko yakan zo ne a mako na huɗu zuwa na shida. Duba amsa ta gaba.

Yaya ake ƙarin ruwan, kuma ta yaya zan san ɗaurin ya yi daidai?

Minti goma ne a ɗakin likita. Ka kwanta, ka ɗan ɗaga kai don naman ciki ya taurare, ya lalubo maɓallin ya tsira allura. Zafin bai kai na allurar zazzaɓi ba. Allurar ta musamman ce mai lanƙwasasshen baki wadda ba ta fafe robar maɓallin. Allurar kemis tana lalata shi ya riƙa yoyo. Zoben Lap-Band na zamani mililita 10 ko 14 yake ɗauka, ana kuma ƙarawa kaɗan-kaɗan, wani lokaci rabin mililita kacal. Kafin ka fita za a ba ka ruwa ka sha a gabansu. Kada ka yi kunya ka ce ya wuce alhali yana tsaye a ƙirji. Bayan nan kwana ɗaya ko biyu kana kan ruwa-ruwa.

Likitocin Melbon a Ostireliya sun kwatanta ɗaurin da launi uku, kamar danjar titi. Rawaya: yunwa na dawowa da wuri, kana cin da yawa, nauyi ya tsaya, kana buƙatar ƙari. Kore: ɗan abinci ya ishe ka, ka yi awa huɗu ko biyar ba ka tuna shi ba, nama da ganye suna wucewa in ka tauna. Ja: ƙwarnafi, tari cikin dare, abinci na dawowa, sai kunu da shayi ke shiga. Kuskuren da muka fi yi shi ne ɗaukar ja a matsayin nasara. Mutum ya biya kuɗi masu yawa, yana so ya ji abin na aiki, sai ya roƙi likita ya ƙara matsewa. Wanda ke cikin ja ba ya ma ramewa yadda yake so, domin abin da ke iya wucewa shi ne mai zaƙi da maiƙo. Na yi bayanin wannan a tambayar nauyin da ya ƙi sauka.

A ƙasar waje aka yi mini. Wa zai ci gaba da duba ni a Legas?

Da kafin tafiya aka yi wannan tambayar da ya fi. Masu zuwa Indiya, Masar, Turkiyya ko Dubai sukan lissafa kuɗin jirgi, masauki da tiyata, su manta cewa zobe ba aikin yini ɗaya ba ne. A shekarar farko za ka ga likita sau da yawa, daga baya aƙalla sau ɗaya a shekara muddin zoben na jikinka. Ni na dawo da takarda guda ɗaya tak, na yi makonni ina yawo tsakanin Ikeja da tsibirin Legas kafin na samu mai allurar da ta dace. A wani wuri ma hoton ciki suka sa na yi, mai dubawa ya tambaye ni ko wani abu na haɗiye.

Ka nemi likitan tiyata mai aikin rage ƙiba, ka tambaye shi kai tsaye ko yana ƙarin ruwan zobe, domin ba duka ke yi ba yanzu da aka rage sa zoben. Sashen tiyata na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja wuri ne da za a fara tambaya. Daga asibitin da aka yi maka ka karɓi rahoton aikin, sunan zoben, yawan ruwan da yake ɗauka, yawan da ke ciki yanzu da wurin da maɓallin yake. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka kuma rubuta a ɗan kati ka sa a aljihu.

To tuwo fa? Ke nan mun rabu?

Ba ku rabu ba, zaman ne zai sauya. Matsalar tuwo ba a tuwon take ba, a yadda muke cinsa take. Mu mutane ne masu yanko loma, a mulmula, a dangwali miya, a haɗiye ba tauna. Haka sakwara, teba da amala. Wannan lomar in ta iso bakin zobe toshe shi take yi kamar tsumma a bakin kwalba. Loma yanzu ba za ta wuce ƙwayar gyaɗa biyu ba, a jiƙa ta da miya mai yauƙi, kuka, kuɓewa ko ewedu, a tauna ta, a jira kamar minti guda kafin ta gaba. Bayan minti 20 zuwa 30 a ture kwano, ko an cinye ko ba a cinye ba. Tuwon shinkafa mai laushi ya fi sakwara sauƙin wucewa. Kuma a fara da kifin ko naman da ke cikin miyar, tuwon ya biyo baya in da sauran wuri, domin jiki na buƙatar giram 60 zuwa 80 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a rana.

Babban abokin gaba shi ne biredin Agege. Laushin nan da danƙon da muke sonsa saboda su, su ne ke sa ya dunƙule ya zama ƙullu. Ban san mai zobe ɗaya da bai taɓa shan wuya a hannunsa ba. In dole ne, a gasa siririn yanka ya yi ƙaras-ƙaras. Bayansa sai busasshen nama: kilishi, tsiren da ya sha wuta, balangu mai jijiya, soyayyen naman layya. Ganda kuwa ko ka tauna ta sau ɗari tana nan gandarta. Dambun nama yana ruɗar mutane saboda ya yi laushi a ido, amma zarensa na cukurkuɗewa, sai an jiƙa shi da miya. Naman da ya dahu lugub a farfesu ko niƙaƙƙe shi ne mafita. A 'ya'yan itace a kula da zaren mangwaro, fatar ɓangarorin lemu da abarba. Rake a tsotse a tofar, kamar kullum.

Kowa da nasa. Akwai wanda shinkafa ke wuce masa lafiya taliya ta ƙi, wani akasin haka. Sabon abinci a gida ake gwada shi, ba a gidan biki ba.

Abinci ya maƙale mini a ƙirji. Me zan yi?

Za ka ji nauyi a tsakiyar ƙirji, yawu mai yauƙi ya cika baki, wani lokaci da shaƙuwa. Ka daina ci nan take. Kada ka kora da ruwa, domin ruwan zai taru a sama ne ya ƙara matsi. Ka miƙe ka zagaya, ka tofar da yawun. Yawanci ko ta wuce ko ta dawo da kanta cikin 'yan mintoci. Bayan nan wurin ya kumbura, don haka sauran yinin ruwa-ruwa kawai. In awanni sun wuce ko ruwa ba ya shiga, ka karanta amsar da ke biye.

Kullum sai na yi amai. An ce mini haka zobe yake. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan maganar ta cuci mutane. Loma ta dawo sau ɗaya a makonni saboda ka yi hanzari, wannan kuskuren ci ne. Amai kullum kuwa ko ɗaurin ya yi yawa, ko zoben ya zame. Zamewa na nufin wani ɓangaren tumbi ya kutso ta cikin zoben zuwa sama, jakar ta faɗaɗa, hanyar ta lanƙwashe. Yawan amai na jawo ta, ita ma tana jawo amai. Wanda ya jure haka shekara da shekaru maƙoshinsa na iya buɗewa ya saki. Sau da yawa zuƙe ruwan zoben na 'yan makonni yana gyara lamarin in an zo da wuri.

Akwai alamun da ba a kwana da su: ka kasa haɗiye ruwa ko yawunka, ciwo mai tsanani a saman ciki, aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, zazzaɓi da ciwon ciki. A tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, a nuna katin da na ambata, a ce a nemo likitan tiyata ya zuƙe ruwan. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767. Akwai kuma alamar da ke zuwa a ɓoye: wurin maɓalli ya yi ja, ya kumbura ko ya fara ruwa, ko ka ga kwatsam kana cin komai ba takura alhali ba a taɓa ruwan ba. Wannan na iya nufin zoben ya ci bangon tumbi ya shiga ciki, sai an leƙa da na'ura ta baki a gani.

Me ya sa aka hana shan ruwa tare da abinci? Da zafin garin nan fa?

Ruwa a kan loma na iya taruwa a samanta ya dawo da ita. A sha kafin ci, a dakata kamar rabin awa bayan an gama. Sauran yini kuwa a yi ta kurɓa, lita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu. Sai dai yadda muka saba da ita, a fasa da haƙori a matse a shanye a numfashi ɗaya, ya ƙare. Juye ta a gora ka riƙa kurɓa.

Gosulo ne ya fi kayar da mutane. Awa biyu a kan gadar Third Mainland ko hanyar Ikorodu, ga yunwa, ga masu talla da Gala da soyayyar ayaba da lemon kwalba mai sanyi a bakin taga. Ci a cikin danfo, a takure, cikin sauri, shi ne hanya mafi kusa zuwa maƙalewa, kuma babu wurin tofarwa. Lemo mai gas yana kumbura ciki ya sa gyatsar da ba ta fita. Ni da gorar ruwa da dafaffen ƙwai nake fita, in ci kafin in hau mota ko bayan na sauka.

Ba na cin komai, amma nauyin ya ƙi sauka. Ina matsalar?

Hajiya, rubuta duk abin da ya shiga bakinki na kwana uku, har da abin sha. Yawanci a nan ɓarawon yake. Zobe ba ya tare ruwa. Fura da nono da suga cokali uku, shayin mai shayi da madarar gwangwani, Maltina, kunun aya, zoɓo mai zaƙi, askirim, duk suna zarcewa kamar ba zobe, kuma ba sa sa ƙoshin da loma ke sawa. Kofin fura ɗaya mai kauri na iya fin ɗan abincin da kika ci duk yinin. Wanda ɗaurinsa ya yi yawa yakan koma kan waɗannan ba da saninsa ba, saboda su kaɗai ke shiga ba ciwo. Irin wannan sassautawa yake buƙata, ba ƙari ba. In kuwa kina cin abinci mai tauri da yawa ba ki ƙoshi, to ƙarin ruwa ne, ko a duba ko maɓallin na yoyo. Tsayawar mako biyu ko uku ba komai ba ce.

Zan iya yin azumi?

A shekarar farko likitoci da yawa suna cewa a dakata, domin mutum bai iya shan ruwan yini guda tsakanin magariba da asuba ba tukuna. Aya ta 185 a Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. Ka kai wa malaminka abin da likita ya ce. Shi za ka tambaya kuma game da ƙarin ruwa da rana a watan azumi, ka bayyana masa cewa ruwan a cikin robar yake tsayawa, ba ya shiga tumbi.

Ga wanda ya kai ga yi, buɗa-baki ne wurin haɗari. An wuni ba ruwa, zoben ya fi matsewa, ga ƙosai da soyayyar doya a gaba, ga kowa hannu baka hannu ƙwarya. Fara da ruwa mai ɗumi da dabino ɗaya da aka tauna sosai, ka je ka yi magariba, ka sha romo, sannan abinci. Da sahur ma a kula, domin yawancinmu zoben ya fi matsewa da sassafe: nono marar suga, ƙwai mai laushi ko alala sun fi tuwon jiya. Wasu sukan je a rage musu ruwa kaɗan kafin watan ya kama, haka ma kafin Hajji ko Umara.

Magunguna fa?

Babbar ƙwaya na iya maƙalewa. Ka gaya wa mai ba da magani cewa kana da zobe, ya ba ka na ruwa ko wanda ake iya rabawa. Kada ka daka kowace ƙwaya da kanka, akwai waɗanda aka yi su don su narke a hankali. Maganin ciwon jiki irin ibuprofen, diclofenac da asfirin suna cin bangon tumbi, a guje su sai da izinin likita. Farasitamol ya wadatar. Haɗin ƙwayoyin gajiya da ake ƙullawa a leda a tasha yawanci da irinsu a ciki. Mai ciwon suga ko hawan jini ya riƙa gwaji akai-akai, domin in nauyi ya sauka maganin da ya saba sha na iya yi masa yawa. Ƙwayar bitamin ɗaya kullum, da gwajin jini sau ɗaya a shekara.

Zan iya ɗaukar ciki in haihu da zoben?

Ƙwarai. Ana dai son a jira wata 12 zuwa 18 har nauyi ya daidaita. A kula, raguwar ƙiba na dawo da al'ada da haihuwa ga matan da suka daɗe suna nema, ciki na iya shiga ba zato. Da ya shiga a sanar da likitan zobe da na awo. In laulayi ya yi tsanani akan zuƙe ruwan, saboda dalilin da na faɗa a tambayar amai. Zoben ba ya hana haihuwa da kai, ba ya hana shayarwa.

Mutane sun dame ni da "ka rame, lafiya kuwa?" Me zan ce musu?

A wurinmu jiki alamar hutu ne. Alhaji ya yi teɓa, kasuwa ta yi albarka. Amarya ta yi ƙiba, miji ya iya kiwo. Saboda haka in ka fara zubewa ba wanda zai ce barka. Wani zai ce karayar arziki ce, wani ya ce sammu, wani ya yi shiru yana zargin ciwon da ba a faɗa. Da na je gida Sallah, Inna ta kalle ni ta fashe da kuka, ta ce Ikko ta cinye mata ɗa. Ba dole ne ka gaya wa kowa ba. "Likita ne ya sa ni rage jiki saboda suga" ta ishi majalisa. Amma mai dafa maka abinci dole ta sani dalla-dalla, in ba haka ba za ta ga kwano na dawowa da saura ta ɗauka girkinta ka raina, ko wani wuri kake ci.

Cin kwano ɗaya da jama'a shi ne mai wuya, domin hannu na bin saurin hannun maƙwabci. Ka nemi ɗan faranti ka ɗebi naka. A walima ko bikin maƙwabta Yarbawa, ka ɗauki kifi ko alala, ka yi ta hira, sauran a ƙulle maka. A Legas ba wanda ke ganin laifin mai tafiya da ƙunshi.

Yaushe zan koma kasuwa, sallah a tsaye da motsa jiki?

Aikin zama mako ɗaya zuwa biyu. Ɗaukar kaya mai nauyi, buhu ko kwandon tumatir, sai bayan mako shida. Ruku'u da sujada na jan wurin maɓalli a kwanakin farko, a yi sallah a zaune har ya daina. Tafiya a ƙasa tun ranar farko ake fara ta, a kai ta minti 150 a mako. Na kusa da Surulere ga filin wasa na ƙasa da sassafe, saura kuma su sauka tasha ɗaya kafin tasu.

Gashina na zuba, ga bayan gida ya yi tauri.

Zubar gashi tsakanin wata na uku da na shida sananniya ce, yana dawowa in furotin ya wadata. Taurin bayan gida daga ƙarancin ruwa da ganye ne: ƙara ruwa, gwanda, zogale da aka dafa ya yi laushi. Ciwo mai tsanani a dama ƙarƙashin haƙarƙari bayan cin maiƙo kuwa na iya zama tsakuwar matsarmama, wadda saurin ramewa ke jawowa. A yi hoto.

Zoben zai zauna har abada, ko ana cire shi?

An yi shi ne ya zauna, amma da yawa ba sa kaiwa. Wani bincike daga Beljiyam da aka wallafa a 2011 ya bi mutane shekara 12 zuwa sama, ya samu kusan rabinsu an cire musu. Na Melbon da ya fito a 2013, mai mutum fiye da 3,000, ya samu waɗanda suka kai shekara 15 suna riƙe da raguwar kashi 47 cikin 100 na rarar nauyinsu. Su na Melbon an san su da naci wajen bibiyar majinyata, a ganina kuma wannan na cikin abin da ya raba sakamakon biyu. Irin waɗannan alƙaluma ne suka sa likitoci suka karkata ga yanke tumbi da sauya hanyar hanji.

Ana cire shi ta ƙananan huji kamar yadda aka sa shi, tumbi ya koma kusan yadda yake. Yunwa ma tana dawowa yadda take, yawancin mutane nauyin na biyo ta, shi ya sa akan yi maganar sauya shi da ɗaya daga waɗancan tiyatar, ko a zama ɗaya ko bayan 'yan watanni. Wanda nasa ke zaune lafiya ba shi da dalilin taɓa shi. Nawa an duba shi da hoto bayan Sallah babba, an ba ni farin ruwan nan mai kauri na sha ana kallon yadda yake ratsawa. Yana inda aka sa shi, sai dai likita ya zuƙe rabin mililita saboda tarin dare da na fara.